Kombuchar Gida da ta Kamfani: Daga Ina Bambancin Ya Taso?

Tambaya: Na kusa shekara guda ina sayen kombucha ta kwalba, wato shayi mai sukari da ake bari ya tsimu har ya yi tsami. Kwanan nan wata ƙawata ta ba ni wani faifai mai santsi da take kira uwa, ta ce in riƙa haɗawa da kaina. Shin wadda ake yi a gida daidai take da ta kamfani? Wacce ta fi amfani ga jiki? Kuma akwai haɗari a haɗa ta a gida, musamman ta fuskar barasa, wadda ni ba na so ta shiga bakina?

Amsa: Malama, tambayarki ta haɗa abubuwa uku, kuma na ƙarshen, wato batun barasa, shi ne wanda zan fi daɗewa a kansa, domin a nan ne kamfani yake riƙe da abin da mai haɗawa a gida ba shi da shi. Sai dai kafin mu kai can, ya kamata ki fara sanin abin da ke gudana a cikin kwalbar, saboda daga nan ne kowane bambanci tsakanin ta gida da ta kanti ya taso. Shayi ana dafa shi ne a sauke, shi ke nan an gama. Kombucha kuwa tsimuwa ce da ba ta tsayawa da kanta muddin ƙwayoyin da ke cikinta suna raye kuma akwai sauran sukari, don haka abin da kika ɗanɗana ranar Litinin ba shi za ki tarar ranar Juma'a ba. Mai haɗawa a gida yana zaɓar ranar da zai sha ne kawai, shi kuwa kamfani dole ne ya nemo dabarar tsayar da tsimuwar, ko ya rage mata gudu ƙwarai, har kwalbar ta yi makonni tsakanin mota da kanti ba tare da ta sauya ba.

An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan masu sa shi tsami rukuni biyu ne da ke zaune wuri guda. Na farko yisti ne, irin su Brettanomyces da Zygosaccharomyces da Saccharomyces, waɗanda ke fasa sukarin da muka zuba ya rabu zuwa gulukos da furuktos, su ci, su fitar da barasa da iskar gas. Na biyu ƙwayoyin bakteriya ne na dangin masu yin ruwan khal, irin su Komagataeibacter da Acetobacter da Gluconobacter, waɗanda ke karɓar barasar da yisti ya fitar su mayar da ita asid ɗin da ke ba ruwan khal kaifinsa, sannan su mayar da wani ɓangare na gulukos zuwa wani asid mai sanyin tsami. Ina so ki riƙe abu guda daga wannan bayani, domin za mu sake komawa gare shi. Yisti yana aikinsa ko da iska ko babu, amma bakteriyar ba ta iya cinye barasa sai ta samu iskar oksijin. Shi ya sa ake rufe bakin kwalbar da ƙyalle maimakon murfi, kuma shi ya sa duk lokacin da aka toshe kombucha mai rai a kwalba barasa ke taruwa, tunda mai samar da ita yana nan yana aiki, mai cinye ta kuma an hana shi numfashi.

Faifan da ƙawarki ta ba ki, wanda masu haɗawa ke kira uwa, Turawa kuma suke kira SCOBY, zaren selulos ne da bakteriyar ke saƙawa a saman ruwa, inda iska take. Ana danganta asalin wannan abin sha da arewa maso gabashin ƙasar Sin, daga can ya shiga Rasha da gabashin Turai, kuma mutanen Rasha suna kiransa da sunan da ke nufin naman kazar shayi saboda kamannin faifan, ko da yake babu dangantaka tsakaninsa da naman kaza. Sababbin masu haɗawa sukan ba faifan muhimmanci fiye da kima, su yi sakaci da ruwan da ya zo a cikinsa, alhali ruwan nan mai tsami shi ne ginshiƙin aikin. Yana ɗauke da ƙwayoyin, sannan yana sa sabon shayin ya yi tsami tun daga ranar farko. Idan faifan ya zo miki ba ruwa, ki koma wurin ƙawarki ki roƙi kofi ɗaya ko biyu na tsohuwar kombucharta wadda ba a sa wa kayan ƙamshi ba. Da ruwan kaɗai ana iya tayar da sabon haɗi har ya saƙa wa kansa faifai cikin mako biyu ko uku, amma faifai ba ruwa yana barin shayi mai zaƙi a buɗe ba kariya a kwanakin farko, waɗanda su ne suka fi haɗari.

Haɗin kansa ba shi da wuya. Ga kowace lita guda ta ruwa, nakan sa giram 5 zuwa 7 na ganyen shayi, baƙi ko kore, da giram 60 zuwa 80 na farin sukari. Ana tafasa ruwan, wanda hakan ke taimakawa wajen korar sinadarin kulorin, a jiƙa ganyen kamar minti 10, a tace, a narkar da sukarin, sannan a haƙura har ya huce ya sauko ƙasa da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, domin ruwan zafi yana kashe ƙwayoyin. Daga nan sai a juye a kwalbar gilashi mai faɗin baki, a ƙara tsohuwar kombucha gwargwadon kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jimillar ruwan, a ɗora uwar, a rufe da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa a ɗaure shi sosai. Ƙyalle mai manyan ƙofofi ba ya hana ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, kuma da sun samu hanya za su yi ƙwai a kan faifan. Ganyen ya zama tsantsar shayi, ban da wanda aka turara da man ƙamshi, domin daga shayin ne ƙwayoyin ke samun sinadarin nitrojin. Sukarin kuma ya zama na gaske, tunda abubuwan sa zaƙi na masu guje wa sukari ba abinci ba ne ga yisti.

Zafin ɗaki shi ke yanke yawan kwanaki. Tsakanin digiri 24 da 29 haɗin yakan kai a kwana 7 zuwa 14. Ƙasa da digiri 20 aikin yana nawa, fumfuna ta samu damar riga tsami isowa, sama da digiri 30 kuma yana gudu, ya yi tsami mai kaifi cikin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa yisti yakan rinjayi bakteriya.

A rana ta uku ko ta huɗu, idan kika haska fitila ta gefen gilashin, za ki ga wata siririyar yana ta kwanta a saman ruwan, fara-fara, kamar wadda ke hawa kan dafaffiyar madara idan ta fara hucewa. Wannan ita ce sabuwar uwa, kuma kada ki girgiza kwalbar a wannan lokaci, domin idan yanar ta nutse sai ƙwayoyin sun sake saƙa wata daga farko. A ƙarƙashinta za ki ga wasu zare-zare masu launin ƙasa suna reto, da ƙananan kumfa da suka maƙale a gefe, da ƙura-ƙura da ta kwanta a gindin kwalbar. Duk wannan yisti ne, kuma yana yawan tsorata sabon mai haɗawa har ya zubar da haɗi mai lafiya. Tsohuwar uwar kuma ko ta nutse ko ta tsaya a karkace, babu damuwa. Fumfuna kamanninta daban ne. A saman faifan kaɗai take fitowa, a bushe, da gashi-gashi, tana yin da'ira mai launin shuɗi ko kore ko baƙi, wani lokaci fari, daidai da wadda ke fitowa a kan tsohon burodi. Idan kika ga wannan, ki zubar da komai, ruwan da faifan, ki wanke kwalbar da tafasasshen ruwa. Kada ki yanke wurin da ya ɓaci ki ci gaba da sauran, domin abin da ido ya gani ƙaramin ɓangare ne na abin da ya riga ya bazu.

Kariyar kombucha duka tana cikin tsaminta, kuma wannan abu ne da ake iya aunawa a gida da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke sauka gwargwadon yadda tsamin ke ƙaruwa. Ƙwayar cutar nan mai haɗari da ake kira Clostridium botulinum ba ta girma idan pH ya sauka ƙasa da 4.6, don haka ake so haɗin ya kasance ƙasa da wannan tun daga farko, abin da tsohuwar kombuchar da kika zuba ke tabbatarwa. Idan mako ya cika bai sauka zuwa 4.2 ba, ƙwayoyin sun yi rauni, kuma zubarwa ta fi. Wadda ta nuna takan tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Wadda ta gangara ƙasa da 2.5 ta zama ruwan khal, ta dace da tayar da sabon haɗi amma ba ta dace da sha kai tsaye ba. Daga rana ta bakwai nakan zura cokali mai tsabta ta gefen faifan in ɗanɗana kullum, kuma ranar da zaƙin ya ja da baya, tsamin ya fito amma bai kai ga kama maƙogwaro ba, ranar nake saukewa.

Wannan tsami da ke kare ta shi ne kuma ke cin mazubin da bai dace ba. A shekarar 1998 wata mujallar likitoci ta Ostireliya ta ba da rahoton wasu ma'aurata da suka kamu da gubar dalma bayan sun shafe watanni suna shan kombuchar da suke haɗawa a tukunyar tangaran, saboda asid ɗin ya narkar da dalmar da ke cikin shafen ƙyallin tukunyar. Gilashi shi ne zaɓin da ba ya buƙatar dogon tunani, sai kuma ƙarfen nan mara tsatsa da aka yi domin abinci. Tukunyar alminiyam da ta tagulla da ta baƙin ƙarfe, da duk wani tangaran mai zane da ba a san da me aka shafe shi ba, kada su riƙe kombucha ko na kwana ɗaya.

Abin da ke fitowa daga wannan mataki na farko ba shi da gas sosai, kuma a nan ne mai neman irin ta kanti yakan wuce mataki na biyu, wato ya juye a kwalabe masu ƙarfi, ya ƙara ruwan 'ya'yan itace ko citta ko ɗan sukari, ya toshe, ya bari kwana 2 zuwa 4 kafin ya sa a firji. Gas ɗin da ke taruwa ba wasa ba ne. A shekarun farko na taɓa barin wata kwalba mai kusurwa huɗu, irin ta ado, a cikin kabad a lokacin zafi, kuma cikin dare ta fashe da ƙara, muka wayi gari gilashi ya caccake katakon ƙofar kabad ɗin daga ciki. Da wani yana riƙe da ita a lokacin, da raunin ya yi muni. Tun daga ranar ba na amfani sai da kwalabe masu zagaye da kauri waɗanda aka ƙera domin abin sha mai gas, kuma a kowane zubi nakan cika ƙaramar gorar roba guda tare da su. Ranar da na matsa gorar na ji ta yi tauri kamar dutse, ranar duka kwalaben ke shiga firji.

Yanzu ga batun da ya fi damunki. Babu kombucha mai rai da ba ta da barasa ko kaɗan, domin barasar mataki ce a hanyar yin tsamin. Abin tambaya shi ne yawanta. A lissafi, kimanin giram 17 na sukari a kowace lita, idan yisti ya cinye shi duka, yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Ke nan haɗin da aka fara da giram 70 yana da ƙarfin kaiwa kusan kashi 4, amma a buɗaɗɗiyar kwalba ba ya kaiwa, saboda bakteriya tana cinye barasar yayin da take fitowa, kuma yisti ba ya ƙarar da sukarin. Mataki na biyu ne ke sauya lissafin. Ruwan 'ya'yan itace yakan ɗauki kimanin giram 100 na sukari a lita, don haka idan kika ƙara kashi 10 cikin 100 na ruwan 'ya'yan itace kin ƙara giram 10 na sukari a kowace lita, wanda shi kaɗai zai iya ƙara sama da rabin kashi guda na barasa, ban da sukarin da ya rage daga matakin farko, kuma duk wannan a cikin kwalbar da aka toshe, inda babu mai cinyewa. Shi ya sa kombuchar gida ke iya kamawa daga ƙasa da kashi 1 har zuwa kashi 2 ko 3, ba tare da harshe ya iya bambancewa ba, tunda tsami da gas suna rufe ɗanɗanonta. Kowane kumfa da ya taso a toshasshiyar kwalbar gida ya zo ne tare da rabonsa na barasa, domin aiki guda ne ke haifar da su biyun.

Abin da ya ƙara wahalar da lamarin shi ne ba a iya auna wannan a gida yadda za a dogara da shi. Ma'aunin nauyin ruwa da ake amfani da shi wajen wasu abubuwan da ake tsimawa yana kwatanta nauyin ruwan kafin tsimuwa da bayanta, a kan cewa duk sukarin da ya ɓace barasa ya zama. A kombucha wannan lissafi ba ya tafiya, domin wani ɓangaren ya zama asid, wani kuma ya zama faifai. Sahihin awo sai a ɗakin gwaji, da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ki iya a gida shi ne ragewa. Ki yi amfani da mazubi mai faɗi wanda ruwan ba ya da zurfi a cikinsa domin iska ta wadata, ki tsaya a ƙaramin ma'aunin sukari, ki ƙara wa matakin farko kwanaki, ki tace ƙurar yistin da ke gindi kada ta bi ki cikin kwalba, ki bar mataki na biyu gaba ɗaya, sannan ki sa a firji nan take. Idan kina son gas, ki sirka da ruwan soda a kofi lokacin sha. Wannan zai sauko da barasar ƙwarai, amma ba zan ce miki zai kai ta sifili ba, kuma ba za ki samu lambar da za ki riƙe ba.

Kamfanoni ma sun sha wuya a kan wannan batu. A Amurka, inda wani mai suna GT Dave ya fara sayar da kombucha ta kwalba a Kalifoniya a 1995, doka tana ɗaukar duk abin shan da ya kai kashi 0.5 cikin 100 a matsayin barasa, da harajinta da ƙa'idojinta. A watan Yuni na 2010 kantunan Whole Foods suka kwashe kombucha daga kantocinsu bayan gwaji ya nuna cewa kwalabe da yawa sun haura wannan iyaka, saboda tsimuwa ta ci gaba bayan an rufe su. Wannan lamari ne ya tilasta wa masu sana'ar sake fasalin yadda suke aiki, kuma da kasuwar ta bunƙasa manyan kamfanoni suka shigo, PepsiCo ya sayi kamfanin KeVita mai yin kombucha a 2016, Coca-Cola kuma ya sayi kamfanin da ke yin kombuchar MOJO a Ostireliya a 2018. Iyakar ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Kanada kashi 1.1 ce, a Tarayyar Turai kuma sai abin sha ya wuce kashi 1.2 ne doka ke wajabta rubuta yawan barasarsa a jikin kwalba. Don haka kalmar da ke cewa ba na barasa ba ne tana nufin bai kai iyakar dokar ƙasar ba, ba ta nufin babu ko ɗigo. Ki kuma lura da cewa akwai wani nau'i da ake ƙara masa sukari da yisti da gangan har ya kai ƙarfin giya, ana sayar da shi a matsayin barasa, kuma kwalbarsa takan yi kama da ta sauran.

Yadda kowane kamfani ya warware matsalar shi ke nuna abin da kike saye. Wasu suna barin ta da ranta, su dogara da sanyi tun daga masana'anta har firjin kanti, kuma wannan ita ce mafi kusa da ta gida, amma idan sanyin ya yanke a hanya ko kwalbar ta kwana a waje, yisti yana farkawa, sukari ya ragu, barasa ta ƙaru fiye da abin da aka rubuta. Wasu suna tace yistin da matata mai ƙananan ƙofofi, ko su janye barasar da na'ura a ƙaramin zafi. Wasu suna dumama ta har ƙwayoyin su mutu, sannan da yawansu su zuba wata bakteriya daban mai suna Bacillus coagulans, wadda ke jure zafi da tsami, domin su samu damar rubuta cewa akwai ƙwayoyi masu rai a ciki. Maganar gaskiya ce, sai dai ba su ne ƙwayoyin da suka yi tsimin ba. Akwai kuma masu barin shayin ya tsimu har sukarin ya ƙare, ya zama ruwa mai tsananin tsami, sannan su sirka da ruwa, su sa zaƙi da sitibiya, wato abin sa zaƙi da ake samu daga wani ganye, ko makamancinta, su cusa gas da inji kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Ban ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin yaudara ba matuƙar an bayyana a jikin kwalba, kuma ga mai irin damuwarki, wadda aka dumama tana da fa'ida ta gaske, domin abin da aka auna ranar rufewa shi ne abin da zai kai bakinki. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da sirkakken ruwa da hoton da ke sa mai saye ya zaci daga tulun tsimi aka ɗebo masa.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ki gane ko wadda kike saye tana da rai. Ki juye rabin kwalba a kofin gilashi mai tsabta, ki rufe da ƙyalle, ki ajiye a ɗaki. Idan cikin mako ɗaya ko biyu wata siririyar yana ta fara kwanciya a sama, bakteriyar asali tana nan. Idan ruwan ya salance kawai bai saƙa komai ba, an kashe ta ko an tace ta.

Game da wacce ta fi amfani ga jiki, ba na so in ba ki fiye da abin da bincike ya tabbatar. Wani nazari da masu bincike a Jami'ar Missouri suka wallafa a 2019, wanda ya bi diddigin abin da aka rubuta a kan amfanin kombucha, ya samu bincike guda ɗaya tak da aka yi a kan mutane, sauran duk a kan dabbobi ne ko a ɗakin gwaji. A 2023 wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Georgetown, da mutum 12 masu ciwon sukari nau'i na biyu, ya nuna saukar sukarin jininsu bayan mako huɗu suna sha. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwar a ci gaba da bincike, amma mutum 12 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma babu wanda ya kamata ya taɓa maganinsa saboda shi. Ta gida ta fi yawan ire-iren ƙwayoyi masu rai, wannan haka ne, amma yawancinsu ba su ne nau'o'in da aka gwada aka tabbatar da amfaninsu ga hanji ba. Amfanin da na fi amincewa da shi shi ne na wanda ya bar lemon kwalba, mai ɗauke da sama da giram 10 na sukari a kowace mililita 100, ya koma abin da ya fara da giram 7 kuma tsimuwa ta rage. Ko a nan ma kada ki zaci sukarin ya ƙare, domin bayan mako guda kaso mai yawa yana nan, kuma sinadarin kafeyin na shayin bai gushe ba. Ta kanti tana da lamba a rubuce, wadda ke bambanta sosai daga kamfani zuwa kamfani, ta gida kuma kina da ikon ƙara mata kwanaki har zaƙin ya sauka inda kike so.

Ta gida da ta kanti duka suna da tsamin da ke cin ƙyallin haƙori, wanda ke fara narkewa idan pH ya sauka ƙasa da kusan 5.5, don haka a sha tare da abinci a kuskure baki da ruwa ya fi a yini ana kurɓa. A 1995 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta binciki wasu mata biyu a jihar Iowa da asid ya yi wa yawa a jini, ɗaya daga cikinsu ta rasu, kuma dukansu suna shan kombuchar gida kullum. Binciken bai tabbatar da cewa ita ce sanadi ba, amma hukumar ta ambaci kimanin mililita 120 a rana a matsayin adadin da ba a sa ran zai cutar da mai lafiya, kuma daga nan nake shawartar kowa ya fara. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mai ciwon ƙoda ko hanta, ba na ba su shawarar shan wadda ba a dumama ba, ta gida ce ko ta kamfani.

Inda ta gida ta yi zarra shi ne ɗanɗano da sauƙin kashe kuɗi. Abin da kike biya a kwalbar kanti yawancinsa na gilashi ne da sanyi da sufuri da gwaje-gwaje, shayi da sukarin da ke ciki kaɗan ne daga cikin kuɗin. Kuma wadda aka sauke a ranar da ta nuna, daga ganye mai kyau, tana da wani ƙamshi mai kama da na tuffa da taushin tsami da ban cika samu a kwalbar da ta yi wata guda a firji ba. Amma ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu, domin sauyin yanayi da tsufan uwa da yawan yisti duk suna taɓa ta, kuma wanda ya saba da daidaiton ta kanti yakan ɗauki zubi uku ko huɗu kafin hannunsa ya faɗa.

A naki yanayin, Malama, idan iyakar da kika sa wa kanki ita ce kada barasa ta wuce wani adadi sananne, to ki zaɓi ta kamfani wadda aka dumama ko aka janye wa barasa, kuma aka rubuta adadin a jikinta, domin ta gida ba za ta iya ba ki wannan tabbaci ba. Hukuncin ɗan abin da ya rage a ciki, ta fuskar addini ko ta lafiya, na malaminki ne ko likitanki, kuma alƙaluman da ke sama su ne abin da za ki gabatar musu. Idan bayan haka kin yanke shawarar gwadawa, ki fara da lita guda kacal, ki rubuta ranar da kika haɗa da yawan sukarin da kika sa, ki bar mataki na biyu. Kafin ki yanke shawarar kuma, uwar da aka ba ki za ta iya jira. Ki sa ta a kwalbar gilashi, ki zuba ruwanta mai tsami har ya rufe ta, ki ɗaure bakin da ƙyalle, ki ajiye a inuwa a cikin ɗaki maimakon firji, kuma duk bayan mako huɗu zuwa shida ki ƙara mata kofi guda na shayi mai sukari wanda ya huce.